Yashin bakin gudron ne ke tura mu ƙarƙashin kamiyo

Shekara 9 ke nan ina zuwa aiki bisa keke a nan Maraɗi. Ba ni sayen mai, ba ni ciniki da ɗan kabu-kabu, gwiwoyina kuma lafiya lau. Amma ranar Talatar da ta wuce, saura ƙiris 'ya'yana su zama marayu.

Wani kamiyo ya taho ta hanyar Ɗan Isa, ya matse ni. Na kauce dama, tayar gaba ta nutse cikin yashin da ya taru a bakin gudron, sai ga ni ƙasa. Tsakanin kaina da tayarsa bai kai taku guda ba. Direban ko waiwaye bai yi ba.

Jama'a, yashin nan iska ke kawo shi, ruwan damina ya ƙaro, ba mai kwashewa. Mai mota na ganin da gangan muke hawa tsakiyar hanya, alhali gefenmu ne ya binne. 'Yan lakwal nawa ke bin wurin kowace safiya?

Mu ma muna da namu laifin. Wani keke ba birki, wani ba fitila, wani ya bi hannun hagu don yanke. Ɗan'uwa, gyara birkinka, miƙa hannu kafin ka juya, da dare sa riga mai haske.

Masu kula da titunan gari, ba sabuwar hanya muka roƙa ba, shara kawai. In kun yi nawa, mu fito gayya unguwa-unguwa da shebur. Nawa na ajiye bakin ƙofa.