Masara A Zakirai: Tsadar Taki Da Abin Da Ya Rage A Hannun Manomi

A daminar 2025 manoman masara a Arewa sun sha kuka iri ɗaya: farashin hatsi ya faɗi, na takin zamani kuwa ya ƙi sauka. Faɗuwar ta biyo bayan dakatar da harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da Gwamnatin Tarayya ta sanar a watan Yuli na 2024. Buhun kamfa da aka tsayar a kan Naira 5,500 a 2017 ya ninka sau da dama, duk da katafaren kamfanin yuriya na Dangote da aka buɗe a Legas a 2022.

To, 'yan'uwa, mu dubi Zakirai, hedkwatar ƙaramar hukumar Gabasawa. Wannan yanki ne da gonaki suka haɗe da juna, ba a barin saura, ƙasar kuma jigawa ce. Kakanni sun riƙe ta da takin dabbobi da sharar birni, suna haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa. Masara a da ta bayan gida ce, inda toka da shara suke zuba. Irin da ke nuna cikin kwana 80 zuwa 95, wanda cibiyar IITA da ta Samaru suka fitar, shi ya ba ta damar fita fili a inda damina gajera ce.

Amma masara ba gero ba ce. Tana da ci, abincinta kuwa naitirojin ne. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na wannan sinadari, na kamfa 15-15-15 kuwa kilo 7 da rabi kacal. Duk wanda ya watsa yuriya a kan ƙasa ya tafi, wani kaso zai bi iska cikin zafin rana, wani kuma ruwa ya wanke shi, tun da jigawa ba ta riƙo. Wato ya sayi buhu guda, masara ta ci abin da ya saura.

Maganin ba sabo ba ne. Tun da shirin Sasakawa ya shigo Kano da Kaduna a 1992, malaman gona na KNARDA suke koyar da shi. A raba takin kashi biyu: kamfa cikin mako biyun farko, yuriya kuma wajen mako na biyar, kafin masara ta yi goyo. A soka rami da tsinke, nisan yatsu uku ko huɗu daga gindi, a zuba cikin murfin kwalbar lemo, a rufe, ƙasa na da laima. Aiki ne mai cin baya, ba mu musu. Sai dai a ganinmu ciwon baya ya fi sauƙi a kan bashin buhu na biyu.

Sai batun tazara, wanda aka fi rainawa. Ƙa'idar ita ce santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, tsiro ɗaya a kowane rami. Wato kamu ɗaya da rabi, da kuma taƙi guda da ɗan ƙari. Wannan yana ba da tsiro kimanin 53,000 a hekta. Mu kuwa mun saba da shukar taku, a zuba ƙwaya huɗu ko biyar a rami guda. Sai su yi ta kokawa a kan taki ɗaya, alhali ga fili tsakani ya zama na ciyawa.

Inda muke da ja da wancan tsari shi ne zancen masara zalla. Magidancin da gonarsa ba ta kai hekta ba, ba zai bar wake ba, domin harawa ce abincin tumakinsa da rani, tumakin kuma su ne masu ba shi taki. A nan aikin da Dokta B. B. Singh ya yi a tashar IITA ta Kano ya fi dacewa da Zakirai: layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake. Taki mai tsada ya tafi ga layukan masara kaɗai, wake ya sami rana, ya kuma bar wa ƙasa ɗan naitirojin. Baɗi sai a sauya musu wuri, abin da ke rage ƙarfin ƙuduji ma.

Abin da ya rage wa hukuma shi ne lokaci. Takin da aka ƙaddamar da sayarwarsa a ƙarshen Yuli, ga masarar kwana 90 da aka shuka a ƙarshen Yuni, ya riga ya makara ga zubin farko. Muna kira ga Gwamnatin Jihar Kano da KASCO su sa taki ya isa Gabasawa tun watan Mayu, a kuma sayar da shi a ƙananan ledoji na kilo 5 ko 10 masu hatimi, domin mai ƙaramar gona ya daina dogara ga awon mudu, wanda ba ya iya tantance abin da ke cikinsa.