Harsashi Ba Hatsi Ba Ne

A arewacin Ghana akwai wata magana da ta zama ruwan dare, har masu furfura suna faɗinta ba kunya. Wai magidanci mai hankali yakan ajiye hatsi a rumbu saboda yunwa, ya kuma ajiye harsashi a ɓoye saboda baƙar rana. In ka yi gardama sai a ce maka ba a fafe gora ranar tafiya. Ni kuwa na ƙi wannan magana. Hatsi in ya daɗe a rumbu, iyakarsa ƙwari su ci. Harsashi kuwa shi ne mai cin mutanen gida, sau da yawa ma tun maƙiyin da ake jira bai iso ba.

Amma kada in haɗa kowa a tukunya ɗaya. Masu harsashi a gida iri biyu ne. Akwai maharbi da manomi, wanda yake da bindigar toka ko ta harbin tsuntsu, yana korar birai daga gonar doya, yana kawo nama gida. Akwai kuma wanda ya tara harsasan yaƙi yana jiran ranar da za a busa ƙaho. Na farin ba ni da faɗa da sana'arsa, sakacinsa kaɗai nake zargi. Na biyun kuwa, da shi ne ainihin maganata.

Bari mu fara da maharbi. Aikina yakan kai ni gidaje da yawa a ƙauyuka, idona kuwa ya ga abin da ya ishe shi. Na ga albarushi cikin kwalba an soke ta a jinka, daidai bisa murhu, wai don kada ya yi sanyi. Na ga harsasai cikin gwangwanin madara a kan taga, kusa da ashana da fitilar kananzir. Na ga bindiga a ɗure an jingine ta bayan ƙofa, a ɗakin da yara suke kwana. Masu yin haka ba mugaye ba ne. Sun gaji abin daga iyayensu, suna kuma cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. To, amma wanda ya sa albarushi bisa murhu shi ne ya sa wa tsautsayin rana da hannunsa.

Albarushi ba ya bukatar harshen wuta, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. In kuwa an matse shi cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi, sa'ad da ya kama, ƙarfen ne zai tarwatse ya yanki duk wanda yake kusa. Saboda haka akwatin katako ya fi masa, kaɗan kaɗan kuma, gwargwadon farautar kwanaki, ba tuli ba. Harsashi kuma yana da maƙiya biyu, watau zafi da laima. Wanda ya san bazarar Bawku, lokacin da zafin rana yakan wuce awo 40, ya san abin da ke faruwa a ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana. Da damina kuma laima takan shiga ta lalata maganin da ke ciki. Irin wannan harsashi yakan yi nawa: ka ja kunama shiru, ka juyo da bindiga don ka duba, sa'an nan ta tashi. Wanda bindigarsa ta yi shiru sai ya riƙe bakinta wajen da ba mutum, ya dakata, kada ya leƙa. Bindigar da ke ɗure kuwa, in gobara ta cim mata, takan harba kanta kamar an ja kunama, ba ta kuwa san mai kawo gudummawar ruwa ba. Ku tuna da hunturu, sa'ad da wutar daji takan shigo har bakin gari, jinka kuma ta bushe ƙamas.

Gyaran wannan ba shi da tsada. A cire harsashi daga bindiga tun kafin a shigo gida. Bindiga ta kwana wuri ɗaya, harsashi wani wuri dabam, cikin akwati mai kwaɗo, a ɗaki mai sanyi da bushewa inda ba a hura wuta, a ɗora shi bisa katako kada ya taɓa ƙasa. Mabuɗi ya zauna a jikin maigida. Kada wani ya ce mini ya ɓoye inda yara ba su sani ba. Mai karatu, kai ma ka yi ƙuruciya. Akwai wani lungu a gidan mahaifinka da ba ka sani ba? Yaro ɗan shekara goma ya fi uwargida sanin abin da ke ƙarƙashin gadon ubansa. Haka nan masu harba bindigar toka a jana'izar manya da bikin Damba, su daina barin ragowar albarushi a hannun samarin da suka sha rana suka sha wani abu.

Wanda yake tsammani ya iya ajiya, ya tuna da Legas. Ran 27 ga Janairu 2002 ma'ajiyar makamai ta barikin soja na Ikeja ta kama wuta, mutane fiye da 1,000 suka hallaka, yawancinsu ma ba wuta ce ta ci su ba, cikin magudanar ruwa suka nutse suna gudu a duhu. A Janairu 2024 kuma, a unguwar Bodija ta Ibadan, nakiyoyin da aka jibge cikin gidan zama suka tashi, suka rushe gidajen maƙwabta waɗanda ba su san hawa ba balle sauka. In barikin soja mai masu gadi bai tsira ba, ina ga ɗakin jinka?

Yanzu sai mutum na biyu. Shi akwati da kwaɗo ba su warware matsalarsa ba, gama haɗarin ajiyarsa ba gobara ce kaɗai ba. Abin da ya ajiye, domin mutum ya ajiye shi.

Mutanen Salaga ba sa bukatar a koya musu wannan. Garin da fatake suke tahowa daga Kano da Katsina sayen goro, yaƙin basasa na sarautar Kpembe a 1892 ya watsa kasuwarsa, 'yan zango suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da sauran wurare, har yau kuwa garin bai koma yadda yake dā ba. Bayan shekara ɗari, a 1991 da 1992, aka yi rikicin Gwanjawa da Nawuri a wajen Kpandai. Sa'an nan a farkon 1994 babbar wuta ta tashi. Ana ce da shi yaƙin zabo, don musu a kan cinikin zabo a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbilla ne ya kunna shi. Kowa ya sani zabo ba shi ne dalili ba. Ƙasa da sarauta ne, tsakanin Kwankwamba da Nanumba da Dagomba da Gwanjawa. Amma ga tambayar da nake so a amsa mini: yaya aka yi musun kasuwa ya mamaye gundumomi 7 cikin 'yan kwanaki, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci? Ba wanda ya tafi Kumasi sayen harsashi a makon nan. Yana nan tun dā, cikin rumbu da rufin ɗaki, tun bayan faɗan 1981. An ƙiyasta mutane wajen 2,000 suka mutu, ƙauyuka fiye da 400 suka ƙone, mutane fiye da 150,000 suka bar gidajensu. Sai a 1996 aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu a Kumasi.

Na san amsar da za a ba ni, ba kuwa amsar banza ba ce. Za a ce a 1994 ƙauyen da ba shi da bindiga shi aka fara ƙonewa, soja kuma ba su iso ba sai bayan an gama. Wanda ya binne 'ya'yansa a shekarar nan, ba zan tsaya a gabansa in ce tsoronsa wauta ne ba. Gwamnatin da take son a kawo mata makamai, wajibi ne ta iso da wuri in an kira ta, ta kuma hukunta mai kisa ko ɗan wane ne. Amma ka duba, ɗan'uwana. Abin da kake faɗi, shi ne daidai abin da wancan na ƙetaren rafi yake faɗa wa 'ya'yansa game da kai. Ya ji labari ka sayi akwati ɗaya, ya sayi biyu. Kai kuma ka ji. Mai sayarwa kuwa yana sayar muku ku duka, yana gina bene a garin da ba a harbi. Kuma ranar da abin zai tashi, ba kai dattijo mai lissafi ne za ka buɗe akwatin ba. Ɗanka ne, ko ɗan ƙanenka, wanda jita-jita ta same shi a waya da dare.

Yendi ta nuna mana wani abu kuma: harsashin da aka ajiye domin baƙo yakan ƙare a jikin ɗan'uwa. Gidan Abudu da gidan Andani jini ɗaya ne, zuriyar Ya Na ɗaya. A watan Maris 2002, cikin gardama a kan bikin Bugum, aka yi kwana uku ana harbi a fadar Gbewaa, ran 27 ga watan aka kashe Ya Na Yakubu Andani na Biyu tare da mutanensa da dama. Ƙasar Dagbon ta zauna ba Ya Na kusan shekara 17, har Janairu 2019 da aka naɗa Ya Na Abukari na Biyu, bayan doguwar wahalar kwamitin manyan sarakuna a ƙarƙashin Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu. Harbin kwana uku, gyaran shekara 17.

Bawku kuwa, abin ya fi ƙarfin hawaye. Gari ne na kasuwa a bakin iyakar Burkina Faso da Togo, mai albasa da dabbobi, inda 'yan zango da Mosawa da Busansi suka daɗe suna cin abinci tare da Kusasi da Mamprusi. Gardamar sarauta tsakanin waɗannan biyu na ƙarshe ta zub da jini a 2000 da 2001, ta sake tashi a ƙarshen 2007, ta kuma dawo a 2021. Aka yi ta sa dokar hana fita. Aka hana maza hawan babur. Har aka kai ga hana sa batakari, rigar da kakanninmu suka bar mana, don ana ɓoye bindiga a ƙarƙashinta. Malaman makaranta da ma'aikatan jinya suka yi ta neman a sauya musu wurin aiki. Ban zo raba gardamar ko wane ne mai gaskiya a kan sarautar ba, wannan ba aikina ba ne. Amma in ajiyar harsashi tana kawo kwanciyar rai, da mutumin Bawku ya fi kowa barci a Ghana.

Binciken da aka yi a 2014 ya ƙiyasta ƙananan makamai wajen miliyan 2.3 a hannun farar hula a ƙasar nan, kusan rabinsu kuma ba rajista. Doka tana nan tun 1962 da 1972: mai bindiga ya yi rajista wurin 'yan sanda, ya riƙa sabunta lasin kowace shekara, bindigar yaƙi irin AK-47 kuwa ba a ba farar hula lasinta sam. A 2007 aka kafa hukumar kula da ƙananan makamai. Duk da haka a wasu unguwanni ana bi gida gida ana karɓar gudummawar "tsaro", kowa kuwa ya san abin da ake saye da ita. Har 'yan'uwanmu da ke Akara da Kumasi da ƙasashen Turai suna aiko da nasu kaso, 'ya'yansu suna makaranta lafiya, na wasu suna kwana ƙarƙashin gado. Mu da muke tsayawa gaban jama'a, ko a majami'a ko a masallaci, mun san waɗannan gidaje, mukan ci tuwo a cikinsu mu yi shiru.

Wanda yake da irin wannan kaya, ko ya gaje shi, ko ya tone shi a gona, kada ya jefa shi a wuta ko rijiya ko masai, kada kuma ya yi ƙoƙarin buɗe shi, balle wanda ya yi tsatsa. Gwamnati ta sha buɗe lokacin afuwa domin a kai makamai ba tare da hukunci ba. In tsoron ofishin 'yan sanda ne ya hana shi, ya nemi mai unguwa ko liman ko fasto ya fara zuwa ya yi magana, sa'an nan su tafi tare da rana tsaka, a ƙirga a gabansu, a ba shi takardar shaida ya riƙe.