Kafin a tashi masuntan bakin Binuwai, a fara tambayar me za su ci

Duk shekara idan damina ta kankama, aka kuma soma jin ƙishin-ƙishin cewa Kamaru za ta saki ruwan madatsar Lagdo, sanarwa iri ɗaya ce ke fitowa daga hukumomi: mazauna bakin kogi su tattara su koma tudu. A Jimeta, an san waɗanda ake nufi da wannan kira. Mutanen unguwannin da suka jingina da kogin Binuwai ne, irin su Dubeli da Rumde da gefen tafkin Geriyo, inda masunta da masu fito da mata masu banda ke zaune. Da zarar ruwa ya yi ɓarna kuma, sai muryar sanarwar ta sauya, a koma maganar rushe gidajen da ke kan hanyar ruwa da tashin mutane gaba ɗaya.

Ba na musun haɗarin. Ambaliyar 2012 ta halaka mutum 363 a faɗin ƙasar nan, ta raba sama da miliyan biyu da muhallansu, bisa alƙaluman hukumar NEMA. Ta 2022 ta ci rayuka fiye da 600. A duka biyun Adamawa na cikin jihohin da suka fara shan ruwan, domin ta nan Binuwai ke shigowa Najeriya. Gwamnatin da ta ga irin wannan ta naɗe hannu ta yi laifi. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake ɗaukar tashin masunci tamkar batun gida kawai, alhali batun abinci ne.

Ma'aikacin da aka rushe wa gida a Abuja zai sha wuya, amma albashinsa zai bi shi duk inda ya koma. Masunci ba haka yake ba. Gonarsa ruwa ce, kuma ba a ɗaukar ta a kai. Yakan fita da dare ko da asuba ya duba mali da kalli, dole kwale-kwalensa ya kwana inda idonsa ke kai, dole kifin ya isa kasuwa ko wurin banda kafin rana ta ɓata shi. Matarsa da ke kyafa tarwaɗa da karfasa, da yaron da ke kai wa dillali, da mai sayar da itace, duk a wannan mashigi suke ci. Ka ba shi fili mai nisan kilomita goma daga kogi, ka ce ka sake masa matsuguni, to kuɗin Keke Napep na zuwa da dawowa kaɗai ya cinye ribar ranar. Ba a daɗe ba zai sayar da komar, sannan kwale-kwalen, daga nan ya shiga layin masu jiran tallafi.

Ba hasashe nake yi ba, an gani a Legas. Tsakanin Nuwamban 2016 da Afrilun 2017 aka rushe Otodo Gbame, ƙauyen masunta a gefen Lekki. Ƙungiyar Amnesty International ta ce sama da mutum 30,000 aka kora daga can da Ilubirin. An ga iyalai suna kwana a cikin kwale-kwale da 'ya'yansu saboda babu inda za su. A watan Yunin 2017 Babbar Kotun Legas ta yanke hukuncin cewa korar mutane haka, ba tare da tuntuɓa da sake matsuguni ba, ta saɓa wa kundin tsarin mulki, kuma cin zarafin ɗan Adam ne. Hukuncin ya zo bayan gidajen sun zama toka. A Arewa kuma mun ga abin da ya biyo bayan hana safarar kifin Baga na tsawon shekaru saboda dalilan tsaro: masunta sun koma sansanonin gudun hijira, kasuwar kifi ta Maiduguri ta durƙushe, bandar da talaka ke jefawa a miya ta yi tsada har a garuruwan da ba su taɓa jin ƙarar bindiga ba.

Wannan shi ne ɓangaren da ya shafi kowa. Alƙaluman da gwamnati ke yawan ambata sun nuna ƙasar nan na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, amma abin da ake samarwa a gida bai wuce sulusin haka da yawa ba, sauran kuwa ko a shigo da shi da dala ko a haƙura. Mafi yawan na gidan daga hannun ƙananan masunta yake fitowa, irin waɗannan na bakin Binuwai. Ƙasar da ta ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci a watan Yulin 2023 bai kamata ta riƙa rage masu kawo mata abincin da hannunta ba.

Doka ma tana da abin cewa. Sashe na 16 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati samar da isasshen abinci da matsuguni ga 'yan ƙasa, kuma a watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran da ya ambaci 'yancin samun abinci ƙarara. Lauyoyi za su ce wannan yana cikin babi na biyu, wanda ba a kai gwamnati ƙara a kansa. Haka ne. Sai dai tun 2001, a ƙarar da aka shigar a madadin mutanen Ogoni, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta yanke cewa mafi ƙarancin abin da ke kan Najeriya shi ne kada ta lalata hanyoyin abincin jama'a, kada kuma ta tare musu ƙoƙarin ciyar da kansu. Yarjejeniyar da aka dogara da ita wajen wannan hukunci ta zama dokar ƙasa tun 1983. Ma'anar 'yancin abinci ke nan tun farko. Ba buhun shinkafar da ake rabawa gaban kyamara ba ne, barin mutum ne da hanyar cinsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne diyya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, ta kuma tanadi diyyar gini da amfanin gona. Mai ƙiyasi zai zo ya ƙirga bango da kwano da bishiyar mangwaro. Babu layi a takardarsa na mashigin da ake ɗaure jirgi, ko wurin shanya koma, ko murhun banda. Ga shi kuma akasarin waɗannan iyalai ba su da takardar mallaka, zamansu ya dogara ne ga izinin masu unguwa da sarakunan ruwa tun iyaye da kakanni. Ƙari a kan haka, dokar hukumar NIWA ta ba ta iko da mita 100 daga gaɓar manyan koguna irin Binuwai. Wato masunci na zaune ne a tsakanin ikon jiha da na tarayya, kuma idan ranar tashi ta zo kowanne yakan nuna ɗayan.

A nan ne maganar ta dawo kan masu karanta wannan shafi. Umarnin tashi ba daga sama yake faɗowa ba. Wani ne ke rubuta takardar a ofis, wani ya duba, wani ya kai wa mai gida ya sa hannu. Roƙona ga ma'aikata da mataimaka na musamman a NEMA da NIWA da ma'aikatun albarkatun ruwa da jin ƙai da tattalin arzikin teku, wadda sashen kamun kifi ya koma ƙarƙashinta, shi ne kada takardar tashin mutanen bakin ruwa ta wuce teburinku sai ta amsa tambayoyi uku. An ƙirga masu cin abinci daga ruwan, har da mata masu banda, ko gidaje kawai aka ƙirga? Sabon wurin yana da tudun da ruwa ba ya kai wa, kuma ana iya takawa zuwa kogi da ƙafa? An zauna da sarkin ruwa da ƙungiyoyin masunta kafin a tsai da rana, ko sanarwa za su ji a rediyo? Ƙa'idojin da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2014 kan ƙananan masunta ba su wuce wannan ba. Akwai kuma bambanci tsakanin kwashe mutane na makonnin da ruwa ya cika, su koma idan ya janye, da raba su da kogi har abada. Na farkon ceto ne, na biyun yana buƙatar hujja mai ƙarfi da diyya cikakkiya.

Sannan a tuna wanda ya fara saɓa alkawari. An kammala Lagdo a 1982, kuma tun lokacin ake maganar gina madatsar Dasin Hausa a Ƙaramar Hukumar Fufore don ta tare ruwan kafin ya iso Yola. Sama da shekara 40 ke nan ba a gina ta ba. Masuncin Dubeli ba shi ya riƙe fayil ɗin ba. Idan har za a ce ya tashi saboda ruwan da gwamnati ta kasa tarewa, mafi ƙarancin adalci shi ne a bar masa hanyar zuwa kogi, a kuma rubuta hakan a cikin takardar kafin motar rusau ta tashi.