Maganin Fata Na Iya Tayar Da Tarin Fuka: Jan Kunne Ga Masu Aika Magani Gida

'Yan'uwa mazauna Ikko, Badun da sauran garuruwan Kudu, da yawanmu kan sayi magani mu ba direba ya kai wa dangi a Nguru ko Gashuwa. Niyyar mai kyau ce, amma akwai cutar da wannan taimako kan zama ɓarna a kanta.

Cutar ita ce wadda likitoci ke kira sorayasis, wadda a gida akan ɗauka kirci ne. Fata kan yi kauri tana ɓarewa, galibi a gwiwa, gwiwar hannu da fatar kai, kuma takan tsananta da hunturu. Ba kuturta ba ce, ba a kuma ɗaukarta. Garkuwar jiki ce ta wuce gona da iri, saboda haka manyan magungunanta danne garkuwar suke yi.

To, a nan gizo ke saƙar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ya taɓa kamuwa da ƙwayar tarin fuka, kuma garkuwar ce ke riƙe ta a kwance. A 2001 likitoci a Amurka suka ba da rahoton mutum 70 da tarin ya kama bayan allurar infliximab, wadda yanzu ake yi wa masu sorayasis. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a yi gwajin tarin kafin a fara irin wannan allura. Ƙwayar prednisolone da ake samu a kemis da arha ita ma tana raunana garkuwa in an daɗe ana sha, gashi Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu wannan tari.

Har ila yau akwai methotrexate. Shi da isoniazid, watau ɗaya daga magungunan tarin, duka kan wahalar da hanta in an haɗa su. Ta ƙoda kuma yake fita daga jiki, alhali ciwon ƙoda ya daɗe yana damun jama'ar Gashuwa da kewaye.

Don haka wanda ya tashi taimako, ya aika kuɗin mota a kai maras lafiya Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko asibitin gwamnati na Gashuwa, a gaya wa likita duk abin da yake sha. Tarin da ya kai mako biyu, da rama da gumin dare, a gwada majina. Maganin tarin fuka kyauta ne, na wata shida, ba a yanke shi. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.