Fagen Mawaƙa: Guntun Gatarin Raye

Ran 2 ga watan Maris na shekarar 2024, a babban zauren taro na O2 da ke birnin Landan, aka yi bikin raba lambobin yabo na mawaƙan Ingila, wanda ake kira Brit Awards. A bikin nan wata budurwa 'yar shekara 26 ta tashi da lambobi shida ita kaɗai, alhali kuwa tun da aka fara shi ba mawaƙin da ya taɓa haɗa fiye da huɗu a shekara guda. Sunanta na yanka Rachel Keen, amma duniya ta fi saninta da Raye. Abin da ya ƙara wa labarin armashi shi ne, shekara uku ba su cika ba da ta fito fili tana kukan cewa kamfanin da ke riƙe da ita ya hana ta fitar da babban faifai ko da guda ɗaya.

An haife ta ran 24 ga Oktoba, 1997, a unguwar Tooting ta kudancin Landan. Mahaifinta Bature ne ɗan Ingila, mahaifiyarta kuwa jinin Ghana ce da Suwizalan. A Croydon ta tashi, cikin gidan da waƙar coci ta zauna da gindinta, nan ta buɗe murya tun tana ƙarama. Ta shiga makarantar BRIT, wadda ta yaye irin su Adele, amma ba ta tsaya ta gama ba, don idonta ya riga ya koma kan sana'a. Cikin 2014 ta sa hannu a takardar yarjejeniya da kamfanin Polydor, a kan za ta yi masa manyan faifai huɗu.

A nan ya kamata a tsaya a bayyana yadda irin wannan ciniki yake, don shi ne gindin maganar. Kamfanin faifai kamar ubangida yake ga mawaƙi, sai dai shi kyautarsa bashi ce. Yakan ba da kuɗin kafin alƙalami, ya biya ɗakin ɗaukar murya da makaɗa da masu talla, sa'an nan ya riƙa cire abin da ya kashe daga rabon mawaƙin har ya fanshe. Galibi kuma ainihin muryar da aka ɗauka mallakarsa ce, shi ke da ikon ya ce a fitar yau, ko a ajiye sai baɗi. To, idan yarjejeniya ta ce faifai huɗu, kamfani kuwa bai yarda a fitar da na farko ba, mawaƙi ya shiga tsaka mai wuya ke nan: ba shi da hanyar sauke nauyin da ya ɗauka, ba shi kuma da damar ya nemi wani ubangidan.

Cikin wannan hali Raye ta shekara bakwai, ba kuwa zaman banza ta yi ba. An ji muryarta a waƙar You Don't Know Me ta Jax Jones, wadda ta fito a 2016 ta kai matsayi na 3 a jerin waƙoƙin Ingila. Haka kuma waƙar Bed, wadda ta yi da Joel Corry da David Guetta a 2021, ita ma ta kai na 3. Bayan wannan tana tsara wa manya waƙa, har tana cikin waɗanda suka rubuta Bigger, wadda Beyoncé ta rera a 2019. An dai bar ta ta fitar da ƙananan faifai nan da can, amma babban, wanda da shi ake auna mawaƙi a san zurfinsa, kullum sai a ce tukuna. Watau kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Cikin watan Yuni na 2021 tura ta kai bango. Ta hau shafinta na Twitter ta faɗi abin da ke cinta: tun 2014 take ɗaure, tana da waƙoƙi jibge a ajiye, waɗansu ma ta ba wa wasu mawaƙan don ta gaji da jira. Wannan ba ƙaramin kasada ba ne, gama mawaƙin da ya tona wa ubangida asiri a bainar jama'a yana iya rasa shi, sauran iyayen gida kuma su guje shi. Sai dai jama'a da 'yan'uwanta mawaƙa suka tsaya mata, kafin watan Yuli ya ƙare ita da Polydor suka rabu.

Da ta sami kanta, ba ta sake kai wuyanta ga wani babban kamfani ba. Ta ƙulla ciniki da wani kamfanin rarraba waƙoƙi mai suna Human Re Sources, wanda aikinsa ya kai haja kasuwa ya ɗauki rabonsa, hajar kuwa ta mai ita ce. Iyayenta suka kama mata kula da harkokin sana'a. A Oktoba na 2022 ta saki waƙar Escapism tare da Ba'amurkiya 070 Shake. Samari da 'yan mata suka ɗauke ta a TikTok kamar wutar daji, farkon Janairu na 2023 ta hau matsayi na ɗaya a Ingila, abin da Raye ba ta taɓa samu ba duk zamanta a kamfani.

Ran 3 ga Fabrairu, 2023, babban faifan ya fito da sunan My 21st Century Blues, ya kai matsayi na 2. Wanda ya saurare shi zai gane abin da ya sa ta nace. Ciki ta yi maganar shaye-shaye da ta faɗa a lokacin ƙunci, da ƙyamar da mace kan yi wa surar jikinta, da cin zarafin da wani mai haɗa kiɗa ya yi mata tana yarinya. Irin wannan zance ba ya shiga waƙar rawa ta minti uku, wadda ita aka fi nema daga gare ta a da. A Satumba na shekarar ta rera faifan a zauren Royal Albert Hall, ga rundunar makaɗa da 'yan amshi a bayanta.

Da ta hau dandamali a daren lambobin nan, ta riƙo hannun kakarta 'yar Ghana suka tsaya tare. Ba ta kuma manta da inda ta fito ba, sai ta roƙi manyan kamfanoni su mayar da shi al'ada a riƙa ba marubuta waƙa kaso daga ribar muryar da aka ɗauka. Dalili kuwa, bisa tsarin da aka saba, mawaƙi da mai haɗa kiɗa suna da rabo a wannan riba, amma wanda ya tsara kalmomi da karin waƙar ba shi da shi, sai ɗan abin da ke zuwa ta hanyar haƙƙin rubutu.

Amma fa kada ɗan koyo ya ji wannan labari ya ce shi ma gobe zai yi fatali da kowa. Raye ta fita ne da suna a hannu, sunan da aka gina cikin shekara bakwai, har da kuɗin kamfanin da ta bari. Mai zaman kansa shi ke biyan makaɗa da ɗakin ɗauka da talla, in waƙa ta faɗi asarar tasa ce shi kaɗai, akwai kuma dubbai da suka bi wannan hanya ba wanda ya ji ɗuriyarsu. Darasin da ya tabbata shi ne na takarda. Kafin yaro ko yarinya su sa hannu, su nemi wanda ya san doka ya karanta musu, su tambayi abu uku: wa ke da muryar bayan an ɗauka, wa ke da ikon faɗin ranar fitarwa, yaushe kuma igiyar za ta kwance. Raye ta biya shekara bakwai na ƙuruciyarta kafin ta sami amsarsu. Da ma Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.