HIRA DA IYALI: Motar Gida ko Motar Ƙetare?



A wannan wata za mu ɗauki maganar da wata uwargida ta rubuto mana. Maigidanta malamin makaranta ne. Ya yi shekara 35 yana koyarwa, yanzu ya huta, kuɗin sallamarsa kuwa sun fito bayan dogon jira. Yana so ya sayi mota, gama gwiwa ta fara damunsa, ga gona nesa da gari, ga asibiti kowane wata. Shi dai ya ce ba zai sa kuɗinsa a kan kowace mota ba sai wadda aka haɗa a ƙasar nan, kamar fijon da ya mallaka yana saurayi. Babban ɗansu kuwa ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, wannan zamani ya wuce. Ku bari in nemo muku 'yar Baljiyam mai tsabta." Wata biyu ke nan ana gardama a kan tabarmar cin tuwo. Uwargida ta rufe wasiƙarta da cewa, "Ni tsorona ɗaya ne, kada kuɗin nan su tafi, motar kuma ta zama akurkin kaji a ƙofar gida, ga yara biyu ba su gama makaranta ba."

Mun tabbata ba gidan nan kaɗai ake wannan gardama ba. Saboda haka bari mu bi ta a hankali, mu ba kowa gaskiyarsa.

Abin da Baba yake tunawa

Baba ba mafarki yake yi ba. A shekarar 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Bayansu aka buɗe wuraren haɗa manyan motoci: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu. A kwanakin nan naira ta fi dala daraja, ma'aikacin gwamnati kuwa yana iya samun rancen mota. Malamin makaranta yakan sayi sabuwar mota fil, kujerunta da leda.

Sarauniyarsu duka ita ce Peugeot 504. An fara yinta a Faransa a 1968, aka ci gaba da haɗa ta a Kaduna har 2006, shekaru da yawa bayan Turawa sun daina hawanta. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafunta suna shanye rami, ta kuwa iya hanyar burji da ta laka. Ita ce motar gwamna, ita ce ta fasinja a tasha, ita ce mai kai amarya da mai kai mara lafiya.

Amma mu tambayi kanmu, me ya sa mutane suka amince da ita haka? Fijo ma tana lalacewa. Wanda ya hau ta ya san tafasar lagireto a hawan dutse. Abin da ya sa ba ta ba da tsoro shi ne, duk ƙauyen da ta tsaya akwai bakaniken da ya san cikinta kamar tafin hannunsa, kowace kasuwa kuma akwai kayanta. Ta lalace da safe, kafin la'asar ta tashi. Wannan shi ne asirin amincinta, za mu kuwa komo gare shi.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa. Ko a lokacin nan ba ƙera motar ake yi a Kaduna ba, haɗa ta ake yi. Inji da manyan sassa daga Faransa suke zuwa, har aka yi shekaru ana ɗauko su cikin jirgin sama daga birnin Liyon zuwa Kano, sa'an nan a kai su Kaduna. Wannan ne ya kayar da sana'ar. Da aka karya darajar naira a 1986, kuɗin sassan nan ya hau, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, wanda aka sa rai zai ba da ƙarfen gida, bai kai ga haka ba. Kamfanonin taya na Michelin da Dunlop suka daina yin taya a nan a 2007 da 2008. Wuraren haɗa mota suka yi ta raguwa, tsofaffin motocin Turai kuwa suka cika gurbin.

Duk da haka ba a daina haɗa mota a Nijeriya ba. A 2010 aka buɗe kamfanin Innoson a Nnewi ta jihar Anambra. A 2013 gwamnati ta fito da tsari na ƙarfafa masu haɗa mota a gida, ta ɗaga kuɗin fito a kan motocin waje, ko da shi ke Dokar Kuɗi ta 2020 ta sassauta shi. A 2022 kamfanin Dangote Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna. Sai dai har wa yau yawancin manyan sassa daga waje ake sayo su da dala. A 2024 kuwa dala ɗaya ta haura naira 1,500. Watau motar gida ma tana jin zafin canji kamar 'yar'uwarta ta waje.

Abin da ɗan yake gani

Shi ma ɗan yana da gaskiyarsa. Ya duba titi ya ga Toyota da Honda da Golf da Sharan, kusan duka tsofaffin shigowa ne, suna ta aiki dare da rana. Ya san in ya je Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, zai sami kowane ƙarfe na Corolla, sabo ko na hannu. Ya kuma san ranar da buƙata ta taso, ba zai kwana yana neman mai saye ba. Watau gadon da fijo ta bari, na kayan gyara da bakanike a ko'ina, waɗannan motoci ne suka gaje shi.

Amma ga inda yake buƙatar ya buɗe ido. Motar da muke kira Baljiyam, ko tokumbo, ko 'yar Kwatano, wani ya riga ya more ƙuruciyarta. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ta ƙidaya cewa daga 2015 zuwa 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuwa Afirka suka zo. A cikinsu akwai masu lafiya ƙalau, akwai kuma waɗanda aka rabu da su don dalili. Wata ta yi mummunan haɗari, aka sayo ta da araha a gwanjo, aka miƙe ƙarfenta aka shafa fenti. Wata ambaliya ta shanye ta, kamar dubban motocin da ruwa ya nutsar a birnin Hustan na Amurka a 2017. Irin wannan tana iya tafiya lafiya wata uku, sa'an nan wayoyin wutarta su fara hauka ɗaya bayan ɗaya. Wata daga ƙasar ƙanƙara ta fito, inda ake zuba gishiri a kan hanya, tsatsa ta cinye ƙarƙashinta alhali samanta yana walƙiya. Wata an juya mata agogon tafiya baya. Wata kuma sitiyarinta a dama yake, aka mai da shi hagu a garejin bakin hanya, gama tun 1972 muke bin hannun dama a ƙasar nan. Irin wannan aiki in bai yi kyau ba, rai yake ci.

Sa'an nan motar zamani ba 504 ba ce. Tana da ƙwaƙwalwa ta kwamfuta, sai da na'ura ake gane ciwonta. Bakaniken da ya saba gyara da kunne da guduma yana iya ƙara mata cuta a kan cuta.

To, ina gaskiyar take?

A ganinmu Baba da ɗansa suna gardama a kan tambayar da ba ita ce babba ba. Sun ɗauka zaɓin tsakanin gida ne da waje. Ashe zaɓin tsakanin sabuwar mota ne mai tsada da tsohuwa mai sauƙin kuɗi. Ba daidai ba ne a gwada mota mai shekara 12 da wadda ta fito jiya, a ce wannan ta fi araha. Ba daidai ba ne kuma a auna motar da ake haɗawa yau da ma'aunin 504 ta 1980, ko don yabo ko don kushe.

Bisa ga inganci, sabuwar motar da aka haɗa a gida tana da abu biyu da Baljiyam ba ta da su. Ba ta da ɓoyayyen tarihi, tana kuma zuwa da garanti, watau alkawarin kamfani na gyara har wani lokaci. Amma alkawarin gyara yana da amfani ne in wurin gyaran yana kusa. Idan sai an yi tafiyar yini guda, ko a jira sati uku kafin ƙarfe ya iso, to, mai gona da damina bai ci ribarsa ba.

Bisa ga aminci, kada a tambayi inda aka haifi mota. A tambayi wanda zai yi jiyyarta a garinku. Motar da ke da bakanike da kayan gyara kusa ta fi wadda ta fi ta suna amma ba mai taɓa ta.

Bisa ga kuɗi, farashin mota ba abin da aka biya ranar saye ba ne kaɗai. A haɗa da takardu da inshora, da taya huɗu, da batir, da baƙin mai, da gyaran farko wanda kusan kowace tsohuwar mota take nema. A haɗa da man fetur, wanda tun da aka cire tallafi a watan Mayu 2023 ya zama babban kaya a wuyan maigida. Mota mai babban inji da aka samu da araha tana iya cinye fansho a gidan mai. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Ba mu raina kishin Baba ba. Kowace mota da aka haɗa a Kaduna ko Nnewi abinci ne ga mai walda da mai fenti da mai ɗinkin kujera, 'ya'yanmu ne kuwa. Wanda yake da hali, makaranta ko asibiti ko kamfani ko ekklesiya mai neman bas, ya kamata ya fara duba ta gida kafin ya dubi waje. Gwamnati da kanta ta ba da umarni a 2017 cewa hukumominta su fifita kayan gida wajen saye, muna kuwa fata a riƙa cika shi. Amma ba ma ganin wajibi ne tsohon malami ya ɗauki dukan guminsa na shekara 35 ya tallafi masana'anta, ya bar yara ba kuɗin makaranta.

Shawararmu ga gidan nan

Na fari, ku zauna ku uku, har da uwargida, gama ita ce za ta san zafin tukunya in kuɗi ya ƙare. Ku fitar da kuɗin makarantar yara da na magani tukuna, ku ajiye gefe. Abin da ya ragu shi ne kuɗin mota, a cikinsa ma ku rage na gyaran farko. Kada a ci bashi don a cike.

Na biyu, kafin ku je wurin dillali ku je wurin bakanike mai gaskiya a garinku, wanda ba shi da rabo cikin cinikin. Ku tambaye shi motocin da ya iya, da waɗanda kayansu suke kasuwarku. Ku zaɓa daga cikinsu.

Na uku, in kuɗin ya kai sabuwa ta gida, ku tambayi kamfani a rubuce: garantin na shekara nawa ne, me ya ƙunsa, ina wurin gyara mafi kusa? Ku nemi mutum biyu ko uku da suka yi shekara biyu suna hawan irinta, ku ji daga bakinsu.

Na huɗu, in Baljiyam ce, kada ku yi cinikin biri a sama. Hoto a waya ba mota ba ne. Ku je da bakanikenku da rana tsaka. A shiga ƙarƙashinta a nemi tsatsa da sabuwar walda. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a sansana, a duba ko akwai busasshiyar laka. A sa mata na'ura, a kuma yi tafiya mai ɗan nisa da ita har inji ya yi zafi. Yawancin motoci suna da lambar jiki mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta a gindin gilashin gaba wajen direba. In daga Amurka ta fito, ɗanku yana iya bincika lambar nan a intanet da ɗan kuɗi kaɗan, ya ga ko ta taɓa haɗari ko nutsewa. A tabbatar da takardun kwastan kuma a ofishinsu, gama motar da ba a biya mata fito daidai ba ana iya ƙwace ta a hanya, ko da mai ita ya saya da zuciya ɗaya.

Na biyar, akwai hanya ta uku da ba wanda ya ambata a gidan nan: motar da wani sananne ya hau a nan ƙasar, wanda kuka san halinsa da yadda yake riƙon abu. Sau da yawa tarihin da aka sani ya fi fentin da ke ƙyalli.

Na ƙarshe, ku ƙidaya tafiyar da Baba yake yi a wata. In gona ce sau biyu a mako da asibiti sau ɗaya, ku lissafta kuɗin shatar mota ko Keke Napep na shekara guda, ku gwada da kuɗin riƙon mota. In lissafi ya nuna a dakata, ba abin kunya ba ne. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ga ɗan muna cewa, ka saurari mahaifinka da ladabi, gama abin da yake nema, watau motar da ba za ta yashe shi a daji ba, shi ne abin da ya kamata kai ma ka nema masa. Ga Baba kuma muna cewa, ku bar yaron ya yi binciken da idonsa ya fi naku gani. Uwargida, mun gode da wasiƙarki. Ki rubuto mana yadda aka ƙare.

Masu karatu da suka hau motar da aka haɗa a gida cikin 'yan shekarun nan, muna so mu ji labarinku, mai daɗi ko mara daɗi, domin waɗansu su ƙaru. Allah ya kiyaye hanya. Sai wata mai zuwa.