Darasin Gidan Mambayya ga Zamfara ta yamma

A unguwar Gwammaja da ke Kano, gidan da Malam Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa a ranar 17 ga Afrilu, 1983, ya zama ɗaya daga cikin wuraren taron da aka fi sani a Arewa. Tun shekarar 2000 Jami'ar Bayero ke gudanar da cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a Gidan Mambayya. Akwai ɗakin taro na Sa'adu Zungur, da ɗakin karatu, da masaukin baƙi, sannan ɗakunan marigayin da kabarinsa suna nan a cikin harabar.

Abin da ya raya gidan shi ne an ba shi aikin yi. Ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyi suna biyan kuɗin haya su yi taro, kuɗin kuma yana taimakawa wajen kula da gine-ginen. Jami'a a nata ɓangaren tana adana takardu, tana shirya laccar tunawa da Malam duk shekara. Haka Jami'ar Ahmadu Bello ta yi da gidan Sardauna a Kaduna, wanda ya zama Gidan Arewa.

Tsarin yana da haɗarinsa. Duk ranar da kuɗin haya ya fi bincike daraja a idon shugabanni, cibiya za ta koma otal mai tsohon suna. Abin da ke bambanta irin wannan wuri da ɗakin biki shi ne, bayan an watse, akwai wanda zai tattara abin da aka faɗa ya ajiye.

A nan ne batun ya shafi Anka da Gummi da Bukkuyum. A 2010 gubar dalma daga sarrafa zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma. A 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar saboda matsalar tsaro. A 2024 ambaliya ta raba dubban mutanen Gummi da muhallansu. Manyan tarukan da ake yi kan waɗannan masifu galibi a Abuja ko Gusau suke, nesa da waɗanda abin ya shafa, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Anka, mazaunin Sarkin Zamfara, ba ta rasa tarihi ba. Jihar kuma tana da Jami'ar Tarayya a Gusau da jami'ar jiha a Talata Mafara. Idan ɗayansu ta haɗa hannu da masarautun yankin aka gyara tsohon gini guda, za a samu wurin da manomi da mai haƙar zinare da ma'aikacin lafiya za su zauna da masana, a rubuta abin da suka gani.

Gaskiya ne rashin tsaro a hanyoyi zai hana baƙi zuwa a yanzu. Amma tattara shaida ba ya jiran zaman lafiya, domin yaran da suka tsira daga gubar 2010 sun riga sun zama manya.